Batir a Ƙarƙashin Ɓawon Ƙwai

Uwargida Ortansa,

Don Allah ki taimake ni, ki kuma yi sauri, domin abin da ke damuna yana da ranar fashewa, ranar kuwa ta ƙarato. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Matata Aurika ce ke karanta filinki duk Asabar, da ƙarfi, a kicin, ko na so ko ban so ba, ni kuma kullum ina cewa masu rubuto miki ba su da aikin yi. To ga shi yau ni ne. Kada ki buga sunana. Na san duk wanda ya taɓa taka dandamalinmu zai gane ni tun daga layi na uku, amma dai ki rufa mini abin da zai rufu.

Ni ne mai kula da shara a wani dandamalin haƙar gas da ke can tsakiyar teku, inda ko fitilun birnin Konstansa ba a hangowa. Aikina na asali ɗaure kaya ne da sauke su, amma da aka kawo dokar rarraba shara sai aka ɗora mini, lokacin gashina bai fara fari ba. Ku a gari shara abu ne da ake ɗaurewa a leda a ajiye a ƙofa. Mu a can ba abin da ke faɗawa ruwa, ko guntun sigari. Ragowar abinci da wurinta, kwali da nasa, roba daban, ƙarfe daban. Sai jan duro, wanda shi ne abin tsoro, na tsumman da ya sha mai da gwangwanin fenti. Batir kuwa bokitinsa daban ne, mai murfi, kuma sai an liƙe masa baki da salatif kafin a jefa. Duk kwantenar da za a sauke wa jirgi akwai wanda ya rufe ta ya buga hatimi da sunansa. In aka buɗe a tasha aka tarar da tsumman mai guda ɗaya cikin kwali, an ɓata kwantenar gaba ɗaya, kuma mai sunan da ke jiki shi za a kira.

Na sha wuya kafin mutanen nan su koya. Ƙarti ne masu taurin kai, har da waɗanda suka girme ni. Na tsoma hannu cikin ruɓaɓɓen kabeji ina tsamo cokula. Na bi mutum har ɗakinsa da gwangwanin kifi na ce, naka ne, taso ka wanke ka kai inda ya dace. Suka sa mini suna Jandarman Bola. In na shigo ɗakin cin abinci sai wani ya ɗaga ɓawon ayaba ya ce, "Jandarma, wannan a wane kurkuku za a kulle shi?" a kwashe da dariya. Na haɗiye. Amma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo mana da kwantena ba, ko ɗaya, wannan kuwa ko maƙiyina zai shaida.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, bikin Ista. Kin san mu. Ko a ina ta riske mu sai an kawo jan ƙwai da kozonak, burodin bikin mai zaƙi, Fada, limamin coci, ya yayyafa wa kwandunan ruwan albarka a tasha kafin a loda. A gwara ƙwai, "Almasihu ya tashi," "Haƙiƙa ya tashi," a ci. Sai ɓawon fa? Wa zai zuba ɓawon ƙwan da aka sa wa albarka cikin ragowar miya da ƙashin kifi? Kakata rafi take kai nata. Mu ma da can teku muke ba, kowa ya tsaya bakin ƙarfe ya watsa, saman ruwa ya yi ja-ja. Da doka ta zo ni na tsaya na hana. Na ce ɓawon ƙwai ragowar abinci ne, da albarka ko babu. Tsoho Afanasi, mai dafa mana abinci, wata shekara sai da ya daina ce mini ko sannu, in na miƙa kwano ya zuba mini romo zalla ya kau da kai. Wani har kwaminis marar addini ya kira ni a fuskata. Ni! Ni da ba na taɓa nama duk tsawon azumi, ko a teku, ko ana soya shi a hancina.

To yanzu ga Fanel. Ni ne nashunsa, wato uban aurensa, ni da Aurika muka tsaya musu a coci muka riƙe kyandir ranar da ya auri Jeta. Ni na roƙa aka ɗauke shi aiki lokacin da yake wanke motoci a garin Navodari, takalmi a yage. Ya zo bai ma san gwangwanin feshi ba ya shiga cikin ƙarfe ba. "Nashu, wannan fa? Nashu, wancan fa?" har kunnena ya yi tsami. Ba zan yi masa ƙage ba, mutum ne mai kan gado, ga fara'a, irin mutanen nan da in suka ce ka kwashe shararka sai ka ji kamar kyauta suka ba ka.

Bara bayan Ista suka zo gidana cin abinci, shi da Jeta. Ina ta mita kan rigimar ɓawo, sai Aurika, tana yanka burodi, ta ce, "Kai ma dai da kafiya. Ku tara shi wuri ɗaya mana, ku kawo gari a binne a coci." Na ce, "Baiwar Allah, bar maganar teku ga masu teku. Kin taɓa jin duron albarka a cikin doka?" Aka yi dariya aka wuce. Ashe Fanel ya naɗe maganar ya sa aljihu. A teburina fa, Uwargida, yana cin naman da na sayo da kuɗina.

Bana sai ga shi da akwati. Na katako, ya shafe shi da farin fenti, ya zana gicciye a murfi. Ashe ya riga ya je wajen shugaban dandamali, ya je wajen matar da kamfani ya ɗora kan harkar muhalli, ya je wajen Fada Serafim na cocin unguwarsu, duk ban sani ba sai da aka gama. "Nashu, so na yi in ba ka mamaki." Ya kuwa ba ni. An amince a zuba ɓawon ƙwai da ɓurɓushin kozonak da busassun rassan da aka sa wa albarka a coci a akwatin, a sauke shi gari a matsayin shara marar haɗari, Fada ya binne a gindin babbar bishiyar da ke bayan coci, kusa da rijiya.

Da kin ga abin da aka yi ranar Ista! Afanasi ya rungume shi ya sumbace shi kunci da kunci. Ƙartin da na yi shekaru ina bi da gwangwani suka yi layi shiru, kowa da ɓawonsa a tafin hannu. Shugaba ya ce wannan sai an ɗauki hoto, ya waiga, ya ga ni ne ba na komai, ya miƙo mini waya. "Jandarma, ɗauka mana, ka matsa baya kaɗan kowa ya fito." Na matsa baya. Kowa ya fito. Hoton na nan manne a ɗakin cin abinci, Fanel rungume da akwati yana washe baki, kuma daidai ƙarƙashin hoton kujerata take tun kafin a haifi wasu daga cikinsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, tun daga ranar sun gyaru ko ta ina. In Fanel ya ce, "'Yan'uwa, roba a nan take," sai ka ga ƙato ya koma ya tsamo da kansa, har da ba da haƙuri. Ni na sare dajin na cire ƙaya, shi ya zo girbi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙashi mai ɓargo da Afanasi ke ɓoyewa a gindin tukunya, yanzu kwanon Fanel yake faɗawa. Rannan kuma ana yabonsa a tebur sai ya nuna ni da cokali ya ce, "Ai duk abin da na sani Nashu ne ya koya mini." Aka ce, "Allah sarki, Jandarma," wani ya dafa kafaɗata kamar ana yi mini ta'aziyya. Na rantse da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A gida ma ban tsira ba. Aurika ta gaya wa maƙwabta, ta gaya wa mai sayar da kifi, ta gaya wa ƙanwarta da ke Italiya ta waya, ina zaune ina ji. "Fanel ɗinmu kaza, Fanel ɗinmu kaza." Rannan ta ce famfon kicin na ɗiga, na ce ta kira Fanel ɗin nata ya gina masa akwati. Ta ajiye wuƙa ta kalle ni ta ce, "Wai tsufa ne wannan ko kishi?" Na ɗauki hulata na bar mata gidan, na yi ta gararamba bakin ruwa har ƙafata ta gaji.

Kishi ne, Uwargida. Ita ban ba ta amsa ba, ke na faɗa miki. Ko sunansa ba na son ji. Yanzu kuma ana cewa za a ba shi kula da sharar duk wuraren haƙar kamfanin, ya riƙa zagayawa yana koyarwa, ke nan ni ma ƙarƙashinsa zan koma. Ranar Hawan Yesu Sama, kwana arba'in bayan Ista, za a yi binnewar. Matar muhalli za ta zo da manyan kamfani da mai ɗaukar hoto, a juye akwatin cikin rami a gaban kowa, a nan za a sanar da muƙamin.

To ga inda gizo ke saƙar. Kin san ba a kunna wuta a dandamalin gas, ko ashana. Saboda haka hasken Istarmu na batir ne, 'yan jajayen kyandirori na roba, kowa da nasa, kuma cikin kwandon ƙwan suke zuwa, ruwan albarka ya taɓa su kamar yadda ya taɓa komai. Kowa ya kai nasa ɗaki ya ajiye gaban hoton Maryamu, ya bar shi a kunne har ya mutu don kansa, don ba mai sa hannu ya kashe hasken Ista. Shekarun baya ni ke bi ɗaki-ɗaki ina karɓewa, ana tsine mini a ciki. Bana na ce tunda an yi sabon sarki, bari in naɗe hannu in sha kallo. Da kyandirorin suka mutu na leƙa bokitin batir, ba ko ɗaya. Na leƙa duron kayan lantarki, wayam. Ana gobe za mu sauko hutu na ɗaga murfin farin akwatin na tura hannu har ƙasa. Suna nan. Kowanne an naɗe shi tsaf cikin takardar goge baki an cusa ƙarƙashin ɓawo, da batir ɗinsa a ciki, kusan na kowa da kowa. Ba mugunta suka yi ba. Abu ne mai albarka, ga akwatin albarka, iyakar lissafinsu ke nan. Wasu har sun fara tsatsa, don ƙasan akwatin da danshi.

Fanel bai sani ba. Shi ba ya tona akwatin, wai rashin ladabi ne a yi ta dagula abin da aka tsarkake. Leƙa sama yake yi, ya ga ja, ya rufe. Na mayar da ɓawon yadda na same shi na sauke murfin. Ina juyowa sai ga shi. "Nashu, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau.

Kin ga abin da zai faru. Da mun koma zai buga wa akwatin hatimi da sunansa. A juye shi gaban manya da mai hoto, batura su gangaro cikin rami, taku kaɗan da rijiyar da tsofaffin unguwa ke ɗiba. Matar muhallin nan ba ta san wasa ba. Muƙami ya tafi ke nan, watakila har aikin, don na ga an sallami mutum kan abin da bai kai wannan ba. Kuma kowa zai ce, ai da Jandarma ne da ba a yi haka ba. Ba zan ɓoye miki ba, wannan maganar ta ƙarshe tsotsarta nake kamar alewa. Ina aske gemu ina jin ta a kunnena, har in kama kaina ina murmushi a madubi.

Ai ba ni na zuba ba. Ba ni na ce ya ƙera akwati ba. Bai nemi shawarata ba da zai fara, don me zan kai masa ita a faranti yanzu? Wanda ya ce zai haɗiye gatari, a riƙe masa ƙota. In kuma na gaya masa, zai gyara a ɓoye, a yi biki lafiya, a ba shi kujera, ni ko sunana ba za a ambata ba. Na sake share masa gona ke nan.

Amma kuma ga Jeta da ciki, da kaka za ta haihu, kuma kin san al'ada, ni zan riƙe jaririn ranar baftisma. Lahadin nan za su zo gidana da kwandon gaisuwa. Zai sumbaci hannun Aurika, ya zuba mini tsuika, barasarmu ta gida, da hannunsa, ya ce, "Allah ya ja da ranka, Nashu." Tun yanzu na fara neman dalilin da zai fitar da ni daga gidan ranar. Abinci ya daina yi mini daɗi. Kuma don ki ji abin dariya, nawa kyandir ɗin yana nan cikin jakata, ya mutu, na kasa jefa shi ko'ina.

Ki gaya mini gaskiya, ko da ɗaci. In na yi shiru, laifi na yi? Ba ƙarya zan yi ba fa, shiru kawai. In kuma na yi magana, yaya zan yi da abin nan da ke cin ƙirjina, tunda ko na cece shi ba zai daina ci ba?

Naki cikin damuwa,
Jandarman Bola

*

Bawan Allah,

Ba zan kira ka da sunan da suka laƙaba maka ba, ka sha shi ya isa haka. Na tura maka amsar nan tun ranar da wasiƙarka ta iso, na kuma riƙe bugawa sai bayan Lahadi, domin bai kamata Fanel ya ji wannan daga jarida ba. Mutumin da ya san matarsa na karanta filin nan da ƙarfi a kicin, ya kuma zauna ya rubuto, so yake a riƙe masa hannu kafin ya aikata. To na riƙe.

Bari in fara da inda kake da gaskiya, don kana da ita, ba kaɗan ba. An rage ka wajen godiya. Irin aikinka ba a ganinsa sai ranar da ba a yi shi ba, kuma ba wanda ke ɗaukar hoton kwantenar da ba a dawo da ita ba. Fanel ma ya yi kuskure. Wanda ya ɗauki magana a teburin nashunsa, kamata ya yi ya dawo ya ce ga abin da nake shirin yi. Ya tsallake ka ya tafi wajen manya, kuma ko da sunan ba da mamaki ne, tsallakewa ce. Kana da damar gaya masa haka, ina ma so ka gaya masa. Ruwa ba ya tsami banza, kishinka yana da tushe.

Sai dai ka duba ɗaya gefen. Maganar akwatin nan kai aka fara yi wa, a gidanka, ka yi mata dariya. Ba sace maka ita aka yi ba, yar da ita ka yi wani ya tsinta. Mutanenka kuma ba dokar suka tsana ba, abin da ya yi musu ciwo shi ne a ce musu abin da suke girmamawa daidai yake da ƙashin kifi. Kai ka koya musu inda kowane abu ke tafiya, shi ya kula da abin da hannunsu ba zai iya jefarwa ba. Dandamalin yana bukatar duka biyun, kuma ƙasan akwatin nan ya nuna fara'a kaɗai ba ta isa.

Yanzu maganar shiru. Ka ce ba ƙarya za ka yi ba. Ai ka riga ka yi ta, ranar da ya tambaye ka ko lafiya ka ce lafiya lau, da danshin ɓawo a hannunka. Sannan har yau kai ne mai kula da sharar wurin, ba a sauke ka ba. Batura cikin danshi, cikin akwatin katako, a kan dandamalin gas, suna can suna tsatsa kai kana gida gaban madubi. Ko da babu wani Fanel a duniya, wannan aikinka ne. Maganar da kake tsotsa kuma ba za ka ji ta ba. Abin da matar muhalli za ta fara tambaya shi ne, wa ke duba bokitin batir, kuma yaya aka yi bai ga babu komai a ciki bayan Ista ba? In ka ce ba ka lura ba, sunan da ka yi shekaru kana ginawa ya rushe. In ka ce ka lura, ka san sauran. Shi ya sa aka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ban ma taɓo rijiyar ba, da tsofaffin da ba su san ka ba, ba su san Fanel ba, ruwa kawai suke ɗiba.

Ga abin da za ka yi. Kada ka jira Lahadi, kwandon gaisuwa ba wurin wannan maganar ba ne. Ka kira shi yau ku haɗu ku biyu, ba a gaban matanku ba. Gaya masa abin da ka gani da ranar da ka gani, kada ka rage komai don ka fito fes. Zai ji zafi, ka bar shi ya ji. Daga nan ku kira waɗanda ke bakin aiki yanzu su fitar da kyandirorin daga cikin danshi, ku kuma sanar da matar muhalli da bakinku, tare. Gyara a ɓoyen da kake tsoro ni ma ban yarda da shi ba. A wajen masu irin aikinta, kuskuren da aka kama kafin a buga hatimi alama ce cewa akwai masu ido a wurin. Ita za ta faɗi makomar ɓawon da tsatsa ta taɓa. Mai yiwuwa wani sashe ya tafi jan duro, mutanenka su ji ciwo, sai ku tsaya ku biyu ku yi musu bayani.

Kyandirorin kuma, kada ka koma bi ɗaki-ɗaki kana ƙwacewa. Kyandir bai mutu ba, batir ne ya ƙare. A kwance shi, batir ya tafi bokitinsa da salatif a baki, kyandir a goge a adana zuwa Ista mai zuwa, ba wanda aka ce ya jefar da abu mai albarka. Ku roƙi Fada Serafim ya faɗa wa mutane haka da kansa. Ban san limamin cocin da zai so a binne masa batir kusa da rijiya ba, kuma kalma ɗaya daga bakinsa za ta yi abin da faɗanka na shekara bai yi ba. Ka fara da naka na cikin jaka, ka kwance shi a teburin cin abinci a gaban Afanasi. Bari su ga kai ma ka kasa jefarwa.

Ka tambaye ni yadda za ka yi da abin da ke cin ƙirjinka. Ba zan yaudare ka ba, ba zai tafi rana ɗaya ba. Watakila a ba shi kujerar duk da haka, ka ci gaba da cin abinci ƙarƙashin hoton. Abin da na sani, kishi a ɓoye yake ƙiba. Ka ba Aurika amsar tambayar da ta yi maka, ta riga ta sani, jira take ta ji daga bakinka. Ka kuma lura da wani abu: shawarar tata ce tun farko, kuma cikin duk wannan hidima ba wanda ya ce mata an gode, har da kai, amma ba ta bar gida ta tafi bakin ruwa ba. In kana son a san da aikinka, nemi hakan da baki. Je wajen shugaba ka ce in za a zagaya koyarwa kana so a sa da kai. Babu abin kunya a ciki, kuma ya fi jiran wani ya faɗi don a tuna kana tsaye.

Abu na ƙarshe. Mu ɗauka ka yi shiru, komai ya tafi yadda kake so, ba wanda ya gano ka. Fanel ba wawa ba ne. Ya san hannun da ya koya masa aiki, ya san babu akwatin da zai kwana a dandamalin nan ba ka taɓa ƙasansa ba. Ba zai tambaye ka a gaban mutane ba. Wata rana dai, kuna ku biyu, zai sassauta murya ya ce, "Nashu, ka gani?" Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ranar, ko ka ce e ko ka ce a'a, ka rasa shi. Yau kuwa kana da damar riga shi, ka ce, "Fanel, na gani," tun maganar tana iya cetonsa. Ɗauki wayar.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sauki Jeta lafiya, ya riƙa dawo da ku duka gida daga tekun nan lami lafiya.

Ortansa